Wa ya tsaga zuciyar tela ya ga cin amanar ƙasa?

A makon jiya, bayan sallar isha'i, na tsaya a wata fada da ke unguwar Zango, a nan Damagaram, inda na saba shan shayi kafin in shiga gida. Ana zuba na biyu sai hira ta gangara kan tsadar hatsi. Wani dattijo, tela ne, ya ce shi dai a ganinsa an daɗe ana cewa talaka ya yi haƙuri, ya kamata hukuma ta fito ta faɗi inda aka nufa da kuma yaushe za a isa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sai wani saurayi, wanda bai kai ɗan telan na uku a haihuwa ba, ya ajiye kofinsa ya ce: "Baba, wannan ai maganar ƴan Faransa ce. Maciya amanar ƙasa ke yin irinta." Dattijon ya dube shi, ya jawo takalmansa, ya ce Allah ya ba mu alheri. Tun daga daren bai sake zama kan tabarmar nan ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba na cikin masu kewar Faransa. Ranar da sojanta na ƙarshe ya bar Nijar, a Disamba 2023, na yi hamdala. Badamagare ba ya bukatar a karanta masa tarihi: a 1899 aka ci garin nan da bakin bindiga aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, a 1926 aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai. Na tsaya alƙunut tare da jama'a lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe mana iyakoki bayan juyin mulkin 2023 aka yanke mana wuta. Kuma ina cikin waɗanda ake kira masu ra'ayin riƙau, waɗanda ba su yarda a bar addini a ƙofar masallaci tare da takalma ba. To wannan ra'ayin ne ya hana ni barci a daren. In har mun ce Musulunci ya shafi kasuwa da aure da gado da mulki, ai ya shafi harshen da muke gardamar mulkin da shi.

Usama ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada. Hujjarsa ita ce tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani, ya yi ta maimaita zargin har Usama ya yi burin da a ranar ya musulunta. A fagen daga ke nan, da abokin gaba riƙe da makami. Ina ga tela mai keken ɗinki wanda ya tambayi kuɗin tiyar gero? Malamanmu sun sha gargaɗi kan kafirta Musulmi, kuma sun yi daidai. Abin da ba mu lura ba shi ne siyasa ta ƙago nata kafirtawar. Da an ce wa mutum "maci amanar ƙasa" an fitar da shi daga cikin jama'a, ba a sauraron hujjarsa kuma, an halatta mutuncinsa ga kowa. Cin amanar ƙasa laifi ne na gaske, akwai masu aikata shi, wurinsa gaban alƙali da shaidu. Ba a yanke shi a bakin butar shayi.

Shekaru muna ɗora laifin wannan ɗabi'a kan jam'iyyu. Mun ga abin da zaɓen 2021 ya yi wa gidaje a jihar nan, domin a cikin manyan ƴan takarar shugabancin ƙasa biyu, Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ne, Mohamed Bazoum kuma mazaɓarsa Tesker, ita ma a jihar nan. An zagi asalin mutane, an zagi launin fata, wa da ƙane sun daina gaisawa. To a watan Maris 2025 an rushe jam'iyyun gaba ɗaya. Tutoci sun sauka, ofisoshi sun rufe, amma zagin yana nan daram, ya dai koma cikin WhatsApp da TikTok. Ashe ba a katin jam'iyya cutar take ba.

Kuma ba ɓangare ɗaya ke yi ba. Akwai masu adawa da mulkin soja da ba sa kiran magoya bayan Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, da komai sai jahilai, garken tumaki, ƴan abi yarima a sha kiɗa. Na ji saƙon murya da ake yi wa masu alƙunut dariya. Mafi muni, na ji wanda muryarsa ke rawa don murna ranar da aka ba da labarin an kashe sojojinmu a yammacin ƙasa, wai ga sakamakon juyin mulki nan. Subhanallah. Yaran nan ƴaƴan talakawa ne, wasu daga Mirriya, wasu daga Magariya, an bar matansu da takaba. Wanda ƙiyayyar gwamnati ta kai shi ga yin farin ciki da gawar Musulmi ya binciki imaninsa kafin ya binciki tsarin mulki. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya ɗauke mu zuwa rashin adalci, ba ta ware soja ko farar hula ba.

Mu Damagarawa mun fi kowa sanin inda harshe ke kai gari. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 na fito masallaci raina a ɓace kamar na kowa, saboda zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta yi wa fiyayyen halitta. Fushin halal ne, har gobe ina kansa. Amma kafin la'asar hayaƙi ya rufe sama, an ƙona coci-coci, an ƙona cibiyar al'adun Faransa, an fasa shaguna, washegari wutar ta kama Yamai, rayuka kusan goma suka salwanta. A layinmu wata tsohuwa ce ta jawo maƙwabciyarta Kirista da ƴaƴanta biyu ta shigar da su ɗaka, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da tasbaha a hannu. Wanda ya yi zanen yana can Faris bai ji ko zafin wutar ba. Waɗanda suka ji ta mutane ne da muke sayen magani da burodi a hannunsu. Kuma kafin a ƙyasta ashana, kalma ce ta riga ta yi aikinta: an ce su da mai zanen duk ɗaya ne.

Na san abin da wasu samari za su ce, domin sun faɗa mini ido da ido: "Malam, wannan laushin ne ya sa aka daɗe ana taka mu." Ba haka ba ne. Da Allah ya aiki Annabi Musa da Haruna zuwa ga Fir'auna, a Suratu Ɗaha, ya umarce su da magana mai laushi. Amma me ke cikin maganar? Ka saki Bani Isra'ila, ka daina azabtar da su. Ba a rage ko ƙwayar zarra daga gaskiyar ba, ashar ne kawai babu. Saboda haka ladabi bai taɓa nufin a rufe baki ba, kuma malamin da ya mayar da mumbari wurin kirari ga duk wanda ke kan kujera bai fi mai zagi amfani ba. Addini nasiha ne, har ga shugabanni.

A nan ne nake da magana da hukuma. A watan Yuni 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna. Ban ƙi a hukunta mai ƙage ba, shari'a ma ta tanadi haddi kan ƙazafi. Tsorona shi ne igiyar da aka ɗaure mai zagi da ita ta shaƙe mai nasiha. Idan ɗan jarida ko liman ko tela ya ga cewa tambaya kan farashin abinci ko tsaron hanya na iya jawo masa kwana a hannun ƴan sanda, zai yi shiru, masu mulki kuma su ɗauka an gamsu. Shugaban da ba ya jin komai sai tafi shi aka fi cuta. Ana cewa zancen ƙasa ne. Na yarda. To ƙasar ta telan ce kamar yadda take ta janar.

Ina roƙon limamanmu, na Birni da na Sabon Gari da na ƙauyuka, su ware huɗuba guda ga Suratul Hujurat, su karanta ta da misalan yau. Ta ce a bincika labari kafin a ɗauka, mu kuwa muna tura saƙon murya na wanda ba mu san ko sunansa ba zuwa zaure goma kafin mu gama saurare. Ni kaina na taɓa tura irinsa a kan wani ɗan kasuwa, daga baya ya tabbata ƙarya ne, kuma har yau ban san kunnuwa nawa ya shiga ta hannuna ba. Surar ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana zato, ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Yaranmu sun haddace ta a allo tun suna ƙanana, fassararta ce ba mu biya musu a aikace ba.

Shekaranjiya na bi ta shagon dattijon a kusa da Kasuwar Dole. Na same shi yana datsa wuyan riga, na ba shi haƙuri a madadin fadar. Ya ce shi ya yafe, abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: shi ya ɗinka wa yaron kayan sallarsa na farko, uban yana raye a lokacin. Na samu saurayin da dare na ce masa, ɗana, ra'ayinka naka ne, ba na neman ka sauya shi, amma ka je ka durƙusa ka gaida babanka. Ya sunkuyar da kai ya ce zai je. Har yanzu bai je ba. Gobe Juma'a, in Allah ya kai mu, in an sallame zan kama hannunsa mu tafi tare.