Lambar PAX ba ta isa ta naɗa sarkin direbobi ba

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga gasar tuƙin mota ta otokuros muna kwashe robobi daga fili, gardama ta kaure tsakanin mutum biyu a ƙungiyarmu, kuma har yau abin bai bar raina ba. Ɗaya dattijo ne mai Corvette, motar nan mai ƙarfin gudu, ya fi shekara ashirin a harkar. Ɗayan saurayi ne mai tsohuwar Honda Civic, bana shekararsa ta uku. Agogo ya ce dattijon ya riga yaron da sakan biyu da rabi. Takardar sakamako kuma ta sa yaron a sama. Dattijon ya ce lissafi ne ya yi wa yaron gata, yaron ya ce tuƙinsa ne.

'Yan uwa da ke gida, bari in faɗi wasan tukuna, don na san da yawa za su ɗauka irin tseren da ake gani a talabijin ne. Otokuros wasan masu sha'awa ne a nan Amurka, kuma ƙungiyar masu wasan motoci ta Amurka, SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce uwa a harkar, tana kiransa Solo. Ana samun babban filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin nan masu ruwan lemo irin na masu gyaran titi, a fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, da agogo kake kokawa. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba. Ka ture roba ko ka fitar da ita daga zanen allin da aka kewaye ta da shi, a ƙara maka sakan 2. Ka tsallake ƙofa, zagayen ya tashi a banza. Ba a gwajin hanya da mota, da ƙafa za ka taka ta da safe ka haddace. Idan ba ka cikin mota, kana tsaye a rana kana tayar da robobin da wasu suka ture.

Matsalar ita ce kowa da abin da ya zo da shi. Wani motar da yake kai yara makaranta, wani kuma wadda aka ƙera don wannan wasa kawai, ya jawo ta a tirela. Shi ya sa aka raba motoci aji-aji: rukunin Street na motocin da ba a taɓa su sosai ba, daga Super Street zuwa H Street, sai Street Touring, Street Prepared, Prepared, har zuwa Modified. A gasar ƙasa da ake yi duk Satumba a Lincoln ta jihar Nebraska, inda ta koma tun 2009, direbobi sun haura dubu, kowane babban aji cike yake da gwanaye. Mu kuwa a ƙaramar ƙungiya, mutum hamsin ne za su watsu a aji ashirin. Sau da yawa kai kaɗai ne a ajinka, ka zo na ɗaya kuma ka zo na ƙarshe.

Nan PAX ta shigo. Jerin lambobi ne da Rick Ruth yake fitarwa duk shekara, bayan ya duba sakamakon gasanni masu yawa. Ajin da ya fi kowanne gudu, A Modified, motocin nan marasa nauyi masu manyan fukafukai, shi ne 1.000. Sauran kowanne da abin da ya gaza haka. Sai a ninka lokacinka da lambar ajinka. A 'yan shekarun nan ta H Street, ajin Civic ɗin yaron, tana kusa da 0.78, ta A Street, ajin Corvette ɗin dattijon, kusa da 0.82. Mu ɗauka yaron ya yi sakan 52.0, dattijon 49.5. Bayan lissafi yaron na da 40.56, dattijon 40.59. A kan wannan 0.03 ne manyan mutane biyu suka tsaya suna ɗaga murya.

Ni ina son PAX, kuma ba na goyon bayan masu cewa a jefar da ita. Ba don ita ba, mai ƙaramar mota ba shi da dalilin duba saman takarda har abada, kuma wasan zai zama na mai kuɗi zalla. Ita ce ta riƙe ni a shekarata ta farko da ƙaramar motata Mazda Miata, ina ganin sunana yana hawa daga na arba'in zuwa na talatin, na san ina gaba. Abin da na ƙi shi ne a ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Lambar nan ba motarka take aunawa ba. Tana auna abin da mota mafi dacewa a ajin za ta yi, an shirya ta iyakar abin da doka ta yarda, gwani na tuƙa ta. A rukunin Street doka ta yarda ka canza shokozoba, ka canza sandar hana tangaɗi guda ɗaya, ka sa taya mai lambar 200 a ma'aunin saurin cinyewar taya. Duk wanda ya taɓa sa sababbin tayoyin nan ya san bambancinsu da na zuwa kasuwa ya wuce sakan guda a zagaye. To wanda bai saya ba, PAX za ta rubuta giɓin a kan tuƙinsa, alhali a aljihunsa yake. Haka wanda ya sa wa motarsa wani ƙaramin abu don sha'awa, doka ta cilla shi aji na sama, ya tarar ana auna shi da motocin da aka kashe wa dubban daloli.

Sai fili. Na Lincoln kankare ne mai faɗi, yana riƙe taya sosai. Namu tsohuwar kwalta ce mai tsakuwa, kuma ƙarami. Ranar da mai tsara hanya ya matse ƙofofi, siririyar mota tana ratsawa kamar allura, Corvette mai faɗi kuwa ba ta samun inda za ta buɗe totur. Wata mai zuwa a saki hanya, labari ya juye. Lambar dai ɗaya ce duk shekara, ba ta san an matse ba, ba ta san an saki ba. Ba ta kuma san rukunin safe sun yi tuƙi a jiƙaƙƙen fili, na rana sun samu busasshe ba. Ko gyaran da ake wa lambar kanta daga shekara zuwa shekara ya isa: a motsa ta da 0.005, a zagayen sakan 52 ya zama 0.26, kusan ninki tara na abin da mutanen nan suke faɗa a kai.

Saboda haka dattijon yana da gaskiya cewa hanyar ranar ta fi dacewa da Civic. Amma ya yi kuskure da ya raina yaron, domin na tsaya aiki a kwanar ƙarshe, na ga yadda yake shiga da wuri yana shafar gindin robobi ba tare da ya ture ko ɗaya ba. Wannan hannu ne.

Ma'aunin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne mota ɗaya, rana ɗaya, direba biyu, kuma doka ta yarda mutum biyu su yi tarayya a mota. Bara wata mata da ta daɗe tana koyar da sababbi ta karɓi makullin Miata ta, ta zauna, ta gyara kujera, zagayenta na biyu ta riga mafi kyawun lokacina da sakan ɗaya da rabi. Taya ɗaya, mai ɗaya, kwalta ɗaya. Ina kujerar gefe da hular kwano, na ga tana kallon ƙofa ta uku a gaba lokacin da ni nake kallon wadda ke gaban hancina. Abin da na koya a wannan minti guda, takardar PAX ta shekara uku ba ta koya mini shi ba.

Na kai wa shugabannin ƙungiyarmu shawara: a ci gaba da liƙa jerin PAX bayan kowace gasa, amma kofin gwarzon shekara kada a yanke shi da ita kaɗai. A ɗauki biyar na sama, a sa su cikin mota guda ta aro, kowa zagaye uku. Ba su ba ni amsa ba tukuna. Shi dai yaron ya riga ya miƙa wa dattijon tayin su yi tarayya a Civic ɗinsa a gasa mai zuwa, dattijon kuma ya amsa, da sharaɗin a wadda za ta biyo baya yaron ya shiga Corvette. Na roƙi a sa ni aiki a kwanar ƙarshe duka ranakun biyu.