Ƙannena masu zane, Oktoba na tafe, ku fito da littattafanku

Assalamu alaikum, ƙannena masu zane, maza da mata. Maganata da ku ce, musamman ku da Allah ya ba baiwa a hannu amma kuka jingine ta kuna jiran ranar da za ku mallaki iPad. Akwai wanda in ka ce ya nuna maka aikinsa, sai ya lalubo hoton zane guda da ya yi tun yana aji uku na sakandare, ya ce yanzu kayan aiki ne babu. Akwai wadda littafinta cike yake da zanen lalle da na wuyan riga, amma ko ƙawarta ba ta taɓa gani ba don tsoron dariya. Abin da ke damunku duka ɗaya ne: ba kwa zama kullum, kuma ba ku da masu duba muku.

Shi ya sa nake so bana ku shiga Inktober. Wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, shi ya fara abin a 2009, shi kaɗai, saboda ya ga hannunsa bai faɗa da tawada yadda yake so ba. Sai ya ɗora wa kansa zane ɗaya a kowace rana ta watan Oktoba, zane 31 cikin kwana 31. Sharuɗɗan ba su da yawa: ka yi zane da tawada, in ka so ka fara shata shi da fensir, ka ɗora a intanet da alamar #inktober, gobe ka sake. Daga 2016 aka fara fitar da jerin kalmomi, kalma ɗaya ga kowace rana, kowa ya zana abin da kalmar ta kawo masa a rai. Shi kansa Parker ya ce wanda ba zai iya kullum ba ya riƙa yi yana tsallake kwana guda, ko sau ɗaya a mako, in dai zai riƙe abin da ya ɗauka.

Tawada ba ta goguwa, kuma nan ne amfaninta yake. Biron da ke aljihunka ma ya isa. Ka ajiye butar alwala a gabanka ka fara. Da fensir, za ka ja bakin butar ka goge, ka sake ja ka goge, har takardar ta yi laushi ba ka gama ba. Da biro kuwa, da zarar layin ya karkace shi ke nan, dole ka gina sauran zanen a kansa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga ka daina gaggawa. Kana tsayawa ka kalli inda mariƙin ya haɗu da cikin butar, da gefen da haske ya bugo, kafin ka sa hannu. Inuwa kuma ka gane ba danna biro ake yi ba, siraran layuka ake jerawa, a giciye su da wasu inda duhun ya fi yawa. Ka ajiye ɗan tsumma kusa kana share bakin biron, don yana tara tawada ya ɗiga ta daidai inda ba ka so.

Mu kuwa ba baƙin tawada ba ne. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda hannu ke ƙwarewa: tawadar gawayi da ƙaro, alƙalamin gamba, a rubuta, a kai wa malam ya duba ya gyara, a wanke allo a sake sabo. Mai zayyanar da kuke sha'awa a allon sauka da haka ya fara. Maimaici ne ya kai shi, tare da idon wani a kan aikinsa. To, wannan idon shi ne abin da na fi jin tsoron ku yi sakaci da shi.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matasa ne a lokacin, suna haɗuwa suna muhawara kan yadda za a haɗa abin da ake koya musu a aji da fasahar da suka gada a gida. Okeke ya shahara da zanen alƙalami da tawada, yana ɗebowa daga uli, wato zanen gargajiya na Ibo da ake yi a jiki da bango. Yau in ana tarihin zane a Najeriya ba a tsallake sunayensu, kuma a tare ake ambatonsu. Ku da kuke da waya a hannu, haɗuwa ta fi muku sauƙi nesa ba kusa ba.

Ku buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram tun kafin watan ya kama, mutum goma ko sha biyar, kada ya wuce adadin da kowa zai san hannun kowa. Sannan ku sa wa kanku doka: duk wanda ya turo nasa, sai ya yi magana a kan na mutum biyu. Magana nake nufi ta gaske. Wata ƙanwa ta shafe awa guda tana zana ƙofar gidansu, sai a watsa mata alamar wuta da tafi a wuce. Masha Allah kalma ce mai kyau, ku faɗe ta, amma ku ɗora wani abu a kai. Ka ce mata: "Yadda kika fito da tsatsar jikin kwaɗon nan ya burge ni. Sai dai dokin ƙofar ya ɗan kwanta hagu, gobe ki fara jan layukan tsaye kafin ki shiga kwalliya." Wannan ita ce magana da za ta kwana da ita, ta tashi da ita. Kuma kai da ka yi maganar ka ƙaru, don sai da ka kalli zanen da kyau kafin ka san abin faɗa.

Waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa, ku ne na fi yi wa wannan nasiha. Ku ji tsoron Allah game da sababbin shiga. Yaro ya cije ya turo zanensa na farko, hannun mutumin ya fi kansa girma, sai wani ya sa alamar dariya, wani ya tura hoton wani zauren ana shewa. Wallahi da yawa daga nan suke rufe littafi, ba kuma za ku san kun yi ɓarna ba, don shiru kawai za ku ji. In ba ka da gyaran da za ka iya faɗa cikin mutunci, ka bi shi ta akwatinsa ku yi ku biyu. Haka kuma wanda aka kwana biyu ba a ga zanensa ba, a neme shi. Wataƙila data ce ta ƙare, wataƙila wayar ba caji, wataƙila kuma gwiwarsa ce ta yi sanyi yana jiran wani ya ce ina kake.

Sai batun amana. Kada ka ɗauko zanen wani a shafin hotuna na Pinterest ka kwafa ka sa hannu a ƙasa. Kwafa don koyo ba laifi, kowa ya yi, amma ka faɗi mai shi. Kada kuma ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa maka hoto ka turo a matsayin aikin ranar. 'Yan'uwanka za su ɓata lokacinsu suna yaba abin da ba kai ka yi ba, hannunka kuma yana nan inda ka bar shi jiya. Zane mara kyau da ka yi da kanka ya fi amfani gare ka da gare su.

Na san za a kawo muku labarin Beeple, wato Mike Winkelmann, mai zane da kwamfuta, wanda ya fara yin hoto ɗaya kullum ranar 1 ga Mayun 2007, aka haɗa na kwana 5,000 na farko aka sayar a gidan gwanjo na Christie's a watan Maris na 2021 kan kuɗi sama da dala miliyan 69. Gaskiya ne. Amma wanda ya shiga don kuɗi ko don yawan mabiya ba zai kai mako biyu ba, domin a rana ta goma mutum bakwai ne za su ga zanensa. Abin dubawa a labarin shi ne shekara goma sha uku da 'yan watanni da mutumin ya yi yana zama kullum, da kuma zanukansa na farko, waɗanda ba su fi na kowane ɗan koyo ba.

Wasunku suna gudun zana mai rai saboda abin da suka karanta a wurin malamansu. Ban ga dalilin da wannan zai hana ku shiga ba, kuma kada wani ya tsangwame ku a zaure a kan haka. Ku duba zankwaye da adon bangon fadar Zazzau, da Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da gidajen unguwar Birni a Damagaram, da masallacin Agadas. Ga dagin Arewa, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga ƙwarya, ga faifai, ga dammunan gero da ake shigowa da su gida a daidai wannan watan na kaka. In jerin kalmomin Turanci bai yi muku ba, ku zauna ku tsara naku guda 31: rijiya, kasko, rumbu, kuka, kwale-kwale, haka har ƙarshe.

Ranar da za ku tsallake kuwa tana nan tafe, ko don jarabawa, ko rashin lafiya, ko biki a gida. Kada ka ce ai na ɓata, sai baɗi. Kada kuma ka zauna rama zane biyar a dare ɗaya har asuba ta kuɓuce maka. Ka ɗora daga ranar da kake. Ka ware lokaci guda sananne na minti ashirin, bayan la'asar ko bayan isha'i, wanda bai ci salla ba, bai ci karatu ko aiken iyaye ba. Hoton kuma ka ɗauka da safe a bakin taga, wayar a saitin takardar, don hasken fitila yana rina farar takarda ta koma ruwan ɗorawa.

Kowane shafi ku rubuta kwanan wata a ƙasansa, kuma kada ku yage ko ɗaya, har wanda kuka fi jin kunyarsa. A makon farko na Nuwamba, 'yan gari ɗaya su haɗu da littattafan a hannu, maza a inda suka saba zama, mata a gidan ɗaya daga cikinsu. Kowa ya buɗe shafin 1 ga wata da na 31 a jere, sauran su faɗa masa abin da ya canja, sannan ku yanke ranar da za a ci gaba da turo zane ɗaya a mako.