Wanda bai taɓa cin anza ba, ya sassauta wa matan da ke layin hatsi

Jiya a wajen zaman makoki wani bawan Allah ya ɗauki magana da zafi. Wai matan ƙauye ba su da kishin addini, da sun ji motar 'yan mishan ta shigo da hatsi sai ka gan su sun yi layi da ƙore. Ban tanka ba, don wurin ba na gardama ba ne, amma maganar ta hana ni barci.

Ina da shekara tara lokacin yunwar 1984, wadda mu mutanen Maraɗi muke kira El Buhari, saboda a shekarar Buhari, shugaban Najeriya na lokacin, ya rufe iyaka, hanyar da hatsi da 'yan cin rani ke bi ta toshe. Abin da ya fi zauna mini a ido shi ne tukunyar anza ta innarmu, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Za ta jiƙa 'ya'yan, ta zubar da ruwan, ta sake zuba wani, kwana da kwanaki, don ɗacin ya ragu. In ta dafa ta zuba mana a akushi ɗaya, sai ta ce ita ta ci a madafi. Sai da na girma na gane ba ta ci komai ba. Ranar da aka kawo rabon hatsi garinmu, ita ce ta fara fita da ƙwaryarta, kuma ta dawo ta yi alwala ta yi sallarta kamar kullum. Har ta koma ga Allah ban ga abin da tiyar nan ta rage mata a imani ba.

Ba na cewa 'yan mishan sun zo ne babu manufa. Suna da ita, kuma ba sa ɓoyewa: bishara ce ta kawo su. Ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi tun 1950, tana da wurin jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi, kuma duk wanda ya shiga ya san masu wurin Kiristoci ne. In har wani zai ce wa mai jin yunwa sai ka bar addininka zan auna maka, wannan zalunci ne, ko wane ne ya yi shi, ko da Musulmi ne ya yi wa wanda ba Musulmi ba. Amma a Galmi yau shekara sama da 70 ke nan, kuma garuruwan da ke kewaye da asibitin har gobe ladan na kiran salla a cikinsu. Mutanen da ke cika harabar, da tabarmi da buta, yawancinsu 'yan'uwanmu ne Musulmi, wasu ma daga ƙetaren iyaka suke zuwa. Sun je ne don matar gida ta kwana biyu tana naƙuda, kuma can suka ji ana yin aikin tiyata.

Akwai wani ɗan mishan da ba zan manta da shi ba, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya zo Nijar a 1981. Da farko dashen itatuwa ya yi ta yi, suna mutuwa, iska da awaki da zafin rana suna gamawa da su. Daga baya ya lura cewa 'yan tsirran da muke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ce, tohon kututture ne mai rai, saiwarsa na can ƙasa da ƙarfinta. Abin da ya ce a yi ba shi da wuya: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sassabe sauran, ka bar su su tashi. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Mutane suka yarda don ciki, ba don sun gamsu ba, kuma da aka samu damina mai kyau da yawa suka sa gatari suka sare. Baffana na cikin waɗanda suka bari, ana yi masa dariya wai ya mai da gona daji. Bayan 'yan shekaru shi ke da itacen girki a ƙofar gida, shi ke da kirare na darni, tumakinsa na cin 'ya'yan gawo da rani, geron da ke gindin gawon kuma ya fi na ko'ina tsayi. Sai masu dariyar suka fara zuwa tambaya. Abin da muke kira sassabin zamani ke nan, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Buhun da aka raba an cinye shi cikin wata guda, amma gawon nan yana tsaye har yau, na gan shi bara.

A 2005 ma mun sake gani. Farin dango da ƙarancin ruwa suka ci amfanin 2004, farashin hatsi ya tashi, kasuwa cike da buhuna amma talaka ba ya iya sayen tiya. Shugaba Tanja ya fito ya ce babu yunwa a ƙasar. A daidai lokacin, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ita ba ta addini ba ce, tana karɓar yara masu tamowa a Maraɗi ba dare ba rana, a shekarar kaɗai ta yi jinyar fiye da 60,000 a Nijar. Na ga uwa ta yi tafiyar yini a ƙasa da yaro a baya, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, ana matsa masa ƙullin gyaɗar nan na Plumpy'Nut a baki kaɗan-kaɗan.

To mu ina muke a lokacin? Wannan ita ce tambayar da ke ƙona mini rai. Addininmu ya ɗora mana zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar, in ta kai nisabi. Da ana fitar da ita yadda ya kamata, ana kai ta inda ya kamata, da rabin layin nan bai taru ba. Maimakon haka, a cikinmu ake samun mai saye da kaka da arha ya kulle a sito, sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙaf kuma manomi na buƙatar ƙarfin noma, ya buɗe ya ba da bashin tiya ɗaya a biya shi biyu. Manomin ya girbe, rabin amfanin na mai bashi ne, baɗi ya sake komawa hannunsa. Na san gidan da aka sayar da gonar gado ta wannan hanya, magidancin yanzu yana ƙwadago a cikin gonar da ubansa ya bar masa.

Bawan Allahn nan na jiya, na san yana da sito a kasuwa, kuma na san ba fanko ba ne. Jibi za mu haɗu a sadakar uku. Zan ja shi gefe, ba a gaban mutane ba, in tambaye shi: Alhaji, buhu nawa ka fitar bana, kuma wane gida aka kai?