Ku buɗe laftof tukuna kafin ku ce ta mutu

Zancen wata laftof ne da mai gyara ya ce ta mutu tun bai buɗe ta ba, wallahi har yanzu raina bai huce ba. Mutum ya kira kanshi mai gyara, yaro ɗan jami'a ya kawo mishi laftof Dell Precision M4800, ko turnabis bai ɗauka ba, ya kunna ya ga tana ja da ƙyar fanka na ihu, sai ya ce wai ta gama yayi, a bar mishi ita a cika kuɗɗi ya ba da sabuwa. Wanga ba gyara ba ne, cin amana ne. Bai buɗe ta ba fa jama'a. Bai buɗe ba!

Kuma sabuwar da ya nuna ma yaron mi ce? Wata siririya mai ƙaramin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron, RAM (wurin da take riƙe aikin da ake cikin yi) giga 4 a liƙe a jiki, har ta mutu ba a ƙara mata ko ɗaya. Yaron da ke zanen gini da AutoCAD za ka ba wagga? Daidai yake da ka ce ma manomi ya sai da san huɗa don ƙaya ta soke shi a kofato, ya sayi ɗan akuya.

M4800 ta fito a 2013, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma irin su an ƙera su ne don injiniyoyi, kuma an ƙera su don a buɗe a gyara, ita da ThinkPad W530 ta Lenovo da HP ZBook 15 na farko duk gida ɗaya ne. Wurin sa RAM huɗu gare ta, biyu a ƙasa in ka cire murfi, biyu ƙarƙashin kibod, in furosesanta mai zuciya huɗu ne tana ɗaukar har giga 32. Furosesan ma ba liƙe yake ba, ana cire shi. Katin hoton Quadro shi ma allo ne mai zaman kanshi. Wace siririya ce a kantunan Maraɗi za ta ba ka haka?

Da muka buɗe ta a gida abin da muka tarar ƙura ce ta yi dam a bakin fanka, ta zama kamar auduga, iska ba ta fita sam. Ku da kuke garin nan kun san abin da hunturu ke zuba muna, sannan zafin Afrilu ya zo ya wuce digiri 40. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya zama ƙasa. To furosesa in ya ji zafi da kanshi yake rage gudu don kar ya ƙone, shi ne nauyin da ake gani. Aka share, aka shafa sabon mai, ihun fanka ya tsaya. Sai caja. Wagga na'ura cajar wat 180 take so, an ba yaron ƙarama ta wata kwamfutar daban. Cajar Dell akwai ɗan siririn tsinke a tsakiyar bakinta, da shi na'urar ke gane ko caja ta isa, in ba ta gane ba sai ta rage gudu kuma ta ƙi cajin batir. Tana ma rubuta gargaɗin a allo in an kunna. Mai gyara bai karanta ba, ko ya karanta ya yi shiru don ciniki, Allah shi ya sani. Na ukun tsohon diski mai juyawa, muka cire muka sa SSD, diski marar juyawa mai sauri, yanzu kafin ka gyara zama ta gama tashi. Abu uku ke nan, kuma duk wanda ya kwance murfi ya duba zai gan su.

Na ga masu cewa ai tana da nauyi. E, kusan kilo 3, sai mi? A tebur za a yi aiki da ita. Wani ya ce batir ba ya riƙe wuta kuma ga ɗaukewar kuran. Batir ɗinta da hannu ake zare shi a sa wani, ba a manne shi da gam ba. Wani kuma ya zo da zancen Windows 11, wai ba ta hawa. Gaskiya ne Microsoft ba ta sa furosesan wannan zamanin cikin jerin waɗanda Windows 11 ke hawa ba, kuma ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Amma wannan magana ce ta daban, mai aikin rubutu da intanet Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows, ya ishe shi, mai AutoCAD kuma a zauna da shi a faɗa mishi gaskiya ya zaɓa da kanshi. Ba shi ne dalilin da za a ce lafiyayyar na'ura ta mutu ba tun ba a buɗe ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san yadda ake haɗa kuɗɗin kwamfuta a gidajenmu. Wata uwa tunkiya take saidawa, wani uba buhunan gero. Sannan kai da aka yarda da kai ka karɓe mai kyau a banza, ka share ta da dare, gobe ka kafa ta a kanti da tsada. Masu gyara na kirki suna nan da yawa a garin nan, na san su, suna kwancewa a gabanka su nuna maka. Su nake roƙo su yi ma irin waɗannan magana, don sunan sana'arku ake ɓatawa.

In za ku sayi RAM ɗinta ku duba an rubuta DDR3L, da L ɗin, mai 1.35V, don DDR3 zalla ba ta yi mata. Kuma don Allah ku bar ɗora laftof a kan katifa da darduma kuna kallon fim, ta ƙasa take shaƙar iska.