Taragon da ya ƙi barin Kano

Wani dattijon Bature maƙwabcina a nan Ingila shi ya shafa min cutar ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur suna zagayawa da wutar lantarki. Kar ku ce wasan yara ne fa, a nan tsofaffi masu furfura ke yinsa, har ƙungiyoyi gare su, kuma yana cin kuɗi ba kaɗan ba, ku tambayi Maman yara ku sha labari. Ni dai na ce in zan yi to tashar Kano zan gina ta zamanin dalar gyaɗa, tunda dogo ya iso Kano tun 1911 kuma gyaɗar nan ce babban kayan da yake kwasa zuwa Legas. Sikelin da suka fi so a nan OO suke ce masa, komai an rage shi sau 76, faɗin layin milimita 16.5 kacal, buhunan gyaɗa kuwa da wake na yi su na bi su da fenti na jera dala.

Ranar Asabar ɗin baje koli a zauren unguwa na sha babbar riga ta da hula, wai ni mai tasha, kafin a buɗe ƙofa hannun rigar ya share sigina da raƙumi ɗaya. Mutane suka cika, wani tsoho mai gilashi ya duƙa ya ƙare wa layin kallo ya ce ai dogon Najeriya na da ƙafa 3 da inci 6 ne, nawa ya yi faɗi. Gaskiya ya faɗa, amma wa ya tambaye shi dan Allah?

Na murɗa wuta, kan jirgi ya ja taragai gwanin sha'awa, yara na ihu, ai kuwa yana zuwa gaban tasha sai cak. Ƙafafun injin na juyawa fir fir a wuri ɗaya amma ko motsi. Na tura shi da yatsa ya wuce, ya zagayo, nan ɗin dai ya sake tsayawa. Kai jama'a, zufa ta fara keto min a cikin sanyin nan.

Nan fa dattawa suka kewaye ni kamar 'yan kallon dara, kowa da tasa shawarar. Wannan ya ce datti ne, na goge layi da sifirit da ƙyalle har ya yi ƙyalli. Wancan ya zaro ɗan ma'auninsa daga aljihu ya ce tazarar cikin ƙafafun tarago dole ta yi wajen milimita 14.5, aka auna su ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Aka duba ƙugiyoyin haɗi, aka ɗiga wa injin mai, wani ma ya aro min kan jirginsa ƙirar kamfanin Hornby sabo dal, shi ma yana zuwa wurin ya kafe. Maman yara tana gefe tana ɗaukar bidiyo tana dariya, wai ko jirgin ya tsaya sallar azahar ne.

Can sai maƙwabcin nawa ya fara cire taragan ɗaya ɗaya, da ya zo kan rufaffen tarago na uku sai da ya ɗan fizga kafin ya rabu da layi, ya girgiza shi muka ji kacau kacau. Ya zuge ƙofar, sai ga kwabbai na zubowa, 'yan 1p cike taf. Ashe tun 1992 kwabban nan na ƙarfe ne aka lulluɓe da tagulla, ni kuma na binne maganaɗisu mai ƙarfi a ƙarƙashin layin gaban tasha don ya riƙa kwance taragai, shi ne ya damƙe taragon ya hana shi gaba.

Na juya na ga yarona ya laɓe bayan uwarsa. Na ce zo nan, wa ya zuba wannan? Ya ce Abba ai ba a shiga jirgi kyauta, kuɗin motar masu gyaɗa ne na biya musu a mota muna tahowa. Na fassara wa dattawan suka yi ta dariya har wani na share hawaye.

Ina kwashe kwabban zan sa a aljihu ya miƙo min hannu, wai tunda jirgin bai kai su Legas ba a mayar masa da kuɗinsa.