Hoton zuciya na CT yana da amfani, amma a fara da awon hawan jini

Kusan kowace unguwa akwai labarin wani da aka yi sallar isha'i da shi lafiya ƙalau, da asuba sai sanarwar jana'iza. Muna cewa mutuwar fuju'a ce, kuma ajali gaskiya ne, sai dai sau da yawa cutar ta yi shekaru tana aikinta a ɓoye: kitse yana taruwa a jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, suna ƙuntacewa a hankali, ran da ɗaya ta toshe shi ke nan.

Akwai hoton da kan gano wannan tun kafin mutum ya fara jin komai. Ana kwantar da shi a na'urar CT, ba allura ba yanka, cikin 'yan mintuna an gama, hoton yana auna kalsiyam ɗin da ya daskare a bangon jijiyoyin. Wani likitan zuciya a Amurka, Arthur Agatston, shi da abokan aikinsa suka fito da lissafin makin da ake bai wa yawan kalsiyam ɗin a 1990. Sifili na nufin haɗarin kaɗan ne, daga 100 zuwa sama likita zai so a fara maganin rage kitse irin su statin, in ya kai 300 ko 400 to magana ta girma.

To amma fa ba na kowa ba ne. A Amurka ma, ƙa'idar da likitocin zuciya suka fitar a 2018 ta fi nuna shi ga masu shekara 40 zuwa 75 da haɗarinsu yake tsaka-tsaki, likita yana shakkar a fara magani ko a jira. Saurayi ɗan shekara 28 zai iya samun sifili alhali akwai kitse mai laushi da bai daskare ba, wanda wannan hoton ba ya gani. Kuma akwai ɗan tururin radiyeshon a ciki, ba abin yi duk shekara ba ne don kawai kuɗi sun samu.

Abin da ya fi damuna shi ne mu nan mun tsallake matakin farko. Mutum ya haura hamsin bai san awon jininsa ba, bai taɓa gwada suga ba balle kitse, ga sigari ga gishiri, ƙirji na masa nauyi in ya hau bene sai ya ce olsa ce ya aika yaro kemis. Wasu kuma an taɓa yi musu ECG, wato gwajin bugun zuciya, an ce lafiya lau, sun riƙe wannan takardar shekara goma, alhali ECG na iya fitowa daidai jijiya tana ƙuntace.

Wanda ya riga yana jin ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, don Allah kada ya tsaya neman wani hoton kalsiyam, a kai shi sashen gaggawa a lokacin. Saura kuma mu fara da awon hawan jini a asibitin unguwa, likita ya duba shekaru, suga, kitse da tarihin gida, shi zai ce ko ana buƙatar hoton.