Kilishin da ba suna a jikinsa

Satin da ya wuce ƙanwata ta aiko min da tsaraba daga Kano ta hannun wani ɗan uwa da ya zo sarin kaya unguwar Laleli a nan Istanbul, kilishi ne da dambun nama da turaren wuta. Na ɗebi kilishin na kai wa maƙwabcina Baturke, dattijo ne mai gyaran takalmi a ƙasan gidan da nake haya, ya ci yana ta santi, can sai ya juya takardar yana dubawa ya ce wa ya yi wannan, ya sunan shagon? Wallahi shiru na yi. Takarda ce ruwan ƙasa duk mai ya jiƙa ta, an cusa a baƙar leda, ba suna ba lambar waya ba komai. Na kira ƙanwata ta ce ai a Agadasawa aka siyo, na ce wajen wa, ta ce yaro ta aika. Mutumin da ya yanka naman nan ya shanya ya shafa labu ya gasa, aikinsa ya ƙetaro har Istanbul an yaba, amma shi ko labari bai samu ba kuma ba yadda za a yi a koma masa.

Shekarata shida a garin nan kuma abin da ya fi tsaya min a rai game da kasuwancinsu shi ne yadda suke riƙe suna. Ka je Eminönü za ka tarar da layi a gaban Kurukahveci Mehmet Efendi, garin kofi suke sayarwa, a jikin gwangwaninsu an rubuta 1871. Hacı Bekir masu alawar lokum tun 1777, Hafız Mustafa 1864. Masu sunayen sun daɗe da rasuwa, wani shagon ma ya canja hannu, amma sunan na nan a saman ƙofa. Kar wani ya ce ai waɗannan manya ne, ɗan ƙaramin gidan abinci na lungunmu mai tebur huɗu ma idan ka gama ci zai miƙo ma ɗan tsumman goge hannu a leda, sunansa da lambarsa a jiki, ka jefa a aljihu ka tafi da tallarsa gida.

Mu kuma ba tarihi muka rasa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take a ƙarni na 15, kusan sa'ar babbar rufaffiyar kasuwar nan ta Istanbul ce da 'yan yawon buɗe ido ke cika kullum. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi majemanmu ne suka jeme ta, ayarin raƙuma suka ratsa hamada da ita, da ta isa Turai sai aka sa mata suna fatar Maroko don ta can ta bi. Duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci, mu da wahala wani da suna, kuma har yau abin da muke yi wa kanmu kenan a baƙar leda.

Sannan ga 'yan uwanmu masu saida kaya a Instagram da status ɗin WhatsApp, mata musamman, Allah ya saka musu don suna ƙoƙari sosai, da yawa da wannan sana'ar suke riƙe gida. Amma dan Allah me ya sa ake canja suna kamar zani? Bara na saya wa Hajiyarmu humra wajen wata, ta ji daɗinta ƙwarai, da azumi na koma nema na rasa shafin, ashe ta canja suna har sau biyu ta koma saida atamfa da kayan kicin, ni kuma kuɗina na kai wa wata. Ga sunayen turanci dogaye da ita kanta mai kayan sai ta duba waya kafin ta faɗa, alhali da ta sa sunanta ko na kakarta da ta koya mata haɗin da kowa ya riƙe. Ga ɓoye farashi, ka tambayi nawa a ce ka biyo ta inbos, mutum yana jin haka zai ɗauka kallon hotonsa za a yi a yanka masa kuɗi. Mai kurar simit a nan, burodin nan mai riɗi, farashinsa na manne a gilashi. Hoto kuma ina gane wasu, na shagunan Laleli ne ake ɗauka a saka, abin da zai iso hannun mai saye daban.

Akwai abin da muka fi su gaskiya. Su shayi za su ba ka a ɗan kofin gilashi, mu kuma ɗan kasuwa a Kwari ya san sunan 'ya'yanka, zai zo maka gaisuwar rasuwa, ya ba ka kaya bashi ba takarda, mai awo ta ƙara maka gyara. Wannan amanar ba kuɗin talla da zai saye ta. Matsalar duk a jikin mutum ɗaya take, ran da ya kwanta dama yaran shago su watse kowa ya buɗe nasa, shekara arba'in na mutunci ta bi shi.

Na san abin da wasu za su ce, sa suna na jawo masu haraji da bakin mutane, kuma sitika da roba kuɗi ne ga mai jarin da bai taka kara ya karya ba. Ban raina wannan ba. Sai dai ni a ganina babban amfanin sunan a kan mai kayan yake, don wanda sunansa ke jikin roba ba zai iya rage gyaɗa a ƙuli ko ya surka zuma da sukari ba, ya san ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. A fara da hatimi ɗaya da tawada ma ya isa, suna da lamba da unguwa, launi ɗaya a tsaya a kai. In abu ya kankama a yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mai kayan ci ya nemi lambar NAFDAC don manyan kantuna na tambaya. Mutanen garin Gaziantep na nan Turkiyya sun kai alawarsu ta baklava har Tarayyar Turai ta ba sunan kariya a 2013, 'yan uwanmu na Nijar ma sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi irin wannan rajistar.

Na roƙi ƙanwata ta tafi da yaron ya nuna mata rumfar, ta karɓo min sunan mai kilishin da lambarsa, don dattijon nan jiya ma sai da ya tare ni a matakala yana tambaya ko za a samu kilo biyu kafin ɗansa ya zo hutu.